Ƙwayoyin da Na Raba Biyu

A lokacin ni makitsiya ce a Dumega, a ƙarshen mulkin Nasara, ina da ɗiya guda mai shekara bakwai. Ban taɓa riƙe alƙalami ba. Maƙwabciyata ce ke rubuta wannan, tana dakatawa idan kuka ya zo mini. Mijina ya rasu, ɗiyar ma ta riga ni, shi ya sa nake so a ji.

Gashin yarinyar nan baƙi ne mai santsi, har mata kan ce don ita Allah ya koya mini kitso. Sai makero ya fito mata a tsakar kai, ya yi ɓawo, gashi yana karyewa a tsinkena. Wasu suka ce aljanar nan Doguwa ce ta dafa ta. Muka yi turare, muka yi saƙe-saƙi, abin sai faɗi yake. Mahaifinta ya ɗora mu a jaki zuwa Dogon Dutsi. Likitan, wani Bazabarme mai sanyin murya, ya kankare ɓawon, ya sa a ƙarƙashin madubinsa mai ƙara girman abu, ya ce in leƙa da ido ɗaya. Har yau ina ganin abin da na gani: wani fili mai haske kamar wata ya faɗa rijiya, cike da fararen zarurruka, dogaye, suna reshe kamar saiwar gero bayan ruwan farko. Ya ce tsiro ne, ba iska ba, gashi yake ci. Ya ba ni wasu sabbin ƙwayoyi farare, ya ce ba kashe shi suke ba, hana shi miƙewa suke, don haka a sha kullum da nono ko man shanu, har sabon gashi ya ture tsohon, ko da ido ya ga sauƙi.

Nonon kuwa wata Bafillata ce ke kawo mini, wadda suka sauka da shanunsu bayan gari. Mun ƙulla ƙawance, ina yi mata kitso, tana cika mini ƙwarya, tana tsokanata wai mu Arawa da fura kaɗai muka san Allah. Bayan mako uku muka koma asibiti, na roƙi likita in sake leƙawa. Zarurrukan nan sun nannaɗe, sun kumbura, sun yi guntu-guntu, kamar gashin da wuta ta lasa. Na daɗe ina kallo, raina fes. Ya sake ce mini ba a gama ba. Na amsa da baki, amma a zuciyata na riga na yi musu jana'iza.

Da muka dawo, ƙawata ta zo da tata ɗiyar, ta zare mata kallabi. Irin ciwon ne. A tsinkena ma ta yiwu ta ɗauka. Ta yaya zan ɓoye magani ga wadda nonon shanunta ke cikin ɗiyata? Mijina ya ce in bari mu kai su asibiti, na ce masa shi da bai leƙa madubi ba me ya sani. Na zazzage ƙwayoyin a faifai, na raba biyu kamar yadda ake raba goro. Cikin 'yan kwanaki duka suka ƙare.

Da damina ta sauka ciwon ya dawo, ya yi ruwa, ya ci har fata. Kafin hanya ta bushe mu koma, an ɗauke likitan, maganin kuma babu. Fulanin sun tashi da shanunsu. Na ji daga baya tasu ma ba ta warke ba. Tawa ta warke da tabo, faɗin tafin hannuna, sumul, gashi bai sake tsirowa ba. Na yi wa amaren Dumega kitso shekara da shekaru, amma ranar bikin ɗiyata sai da na yi ta janyo gashin gefe ina rufe wurin. Ta ji hawayena a wuyanta, ta ce, Inna, ki ja da kyau, ba ya zafi. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa tambayata ina sauran ƙwayoyin ba.

Ni da na tashi a gona, na sha ganin gero ya naɗe ganye lokacin fari, ruwa na sauka ya miƙe. Da na tuna wannan a gaban madubin, da ban yi abin da na yi ba. 'Yan'uwana mata, idan an ce a sha magani har ya ƙare, ku bari ya ƙare. Idan ƙawa ta zo da nata ɗan, ku raka ta wurin likita da ƙafarku. Ni na raba don kunya da ƙauna, na bar yara biyu da kallabi har abada. Allah ya yafe mini, ya haɗa ni da ita inda zan kama kanta in kitse shi duka.