Kujerar Malam

Maigidana mai koyar da tuƙi ne. Rabin direbobin unguwarmu a hannunsa suka koya, a wata ƙaramar mota mai birki biyu, ɗaya ƙarƙashin ƙafar ɗalibi, ɗaya ƙarƙashin tasa. Kowa Malam yake ce masa, har ni. Sama da shekara talatin yana zaune a kujerar dama, hannunsa na hagu kusa da giya don ya cafke in ɗalibi ya rikice. Wandonsa duk ta gwiwar dama yake fara ƙoɗewa, ni ce mai wanki, ni na sani.

Akwai kuma abin da ni kaɗai na sani. Malam bai taɓa tuƙa mota ya fita daga gari ba. Yana saurayi motar haya ta kife da su a hanya, direban ya cika a gabansa. Tun daga nan, cikin gari ko cunkoson kasuwa ne zai ratsa yana hira, amma da zarar gidaje sun ƙare, hannunsa sai rawa. In tafiya ta kama dole, baya yake zama ya rufe ido, a ɗauka barci yake. Ba abin da yake tsoro irin a gane.

Yana da abokai biyu, Tela da Mai Katako, duka shi ya koya musu mota. Ɗan Tela yana aikin jinya a wani ƙaramin asibitin ƙauye a ƙasar waje, shi ya aiko musu da tikitin jirgi su uku, wai su zo su ga inda yake. Da suka sauka sai aka riƙe shi a wurin aiki, ya sa aka ba su motar haya, ya ce hanya ɗaya ce, kafin yamma sun iso. Abin da bai tuna ya faɗa musu ba, mutanen can ta hagu suke bin titi, sitiyarin kuma a dama yake.

Sauran labarin daga bakin Tela na ji, shi kuwa ba ya rage komai. Shi ya fara karɓar makulli, da fankamarsa. Zai kunna sigina, waifa ta hau share gilashi rana tsaka. A shatale-talen farko ya nufi hannun da ya saba, motoci suka yi masa ca da oda. Malam yana gefe yana ta taka ƙasan mota da ƙarfi, yana neman birkin da babu, har takalminsa ya cire. Mai Katako ya ce kai Tela ɗinki ka iya, ba ni nan. Shi kuma duk sanda zai sa giya sai ya kai wa ƙofa duka.

A haka suka lallaɓa har gari ya ƙare. Hanya ta tsuke, shingen ganye hagu da dama, bayansa gonaki kore shar da tumaki masu ƙiba kamar an hura su. A wata kwana suka yi kiciɓis da tarakta. Mai Katako ya kauce ta inda jikinsa ya saba, ta wajen taraktar ke nan. Allah ya kiyaye, manomin ya tsaya cak, su kuma suka tsinci kansu a bakin rami. Mai Katako ya fito, ya rantse ba zai ƙara taɓa motar nan ba. Tela ma ya ce shi ya tuba. Su biyun suka juyo suka kalli malaminsu.

Malam ya ce zai ɗan zaga. Bayan shinge ya je ya kira ni a waya, ina tsakar gida ina shanya. Da jin numfashinsa na san abin da ake ciki.

Na ce, "Malam, ka faɗa musu gaskiya. Wallahi ba abin da zai rage ka a wurina."

Ya ce, "Tsufa ya zo, ni kuma na gaji da rufe ido. Ki yi mini addu'a kawai."

Na zauna a kan bokiti na yi ta yi, shanyar ma na manta da ita.

Tela ya ce da Malam ya shiga ya zauna, sai da ya daɗe riƙe da sitiyari, gumi na bin wuyansa. Sannan hannunsa na hagu ya sauka kan giya da kansa, ba lalube. Ashe kujerarsa ce ta kullum! Daga gefen nan ya saba auna faɗin mota, da wannan hannun ya saba kama giya. Ya fitar da su daga bakin ramin da baya, ya ɗaga wa manomin hannu, ya hau hanya. Da farko kamar mai rakiyar amarya, yana yi wa kansa magana irin yadda yake yi wa ɗalibai: saki kuloci a hankali, dubi madubi, kada ka yi gaggawa. Suka wuce wata gada ta dutse da wani tafki, suka tsaya garken shanu ya tsallaka. Can sai suka ji ya daina maganar, har ya sauke gilashi ya ce su dubi tsaunukan can. Da suka isa ƙofar asibitin ya kashe mota, shi da bakinsa ya gaya musu cewa yau ce rana ta farko da ya tuƙa mota a wajen gari. Mai Katako ya kama hannun Malam ya riƙe.

Ni dai ban taɓa jin alfahari da mutum irin na ranar ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Bayan ya dawo da 'yan kwanaki, da safe na ga yana duba mai da tayoyi. Ya ce in ɗauko mayafina, garinmu za mu je gaida Inna. Tun aurenmu a motar haya nake zuwa ni kaɗai, ina ƙirƙiro masa uzuri. Na shiga na zauna a gaba. Da muka wuce gidan ƙarshe na saci kallon hannunsa, ya kama ni.

Ya ce, "Ki daina kallona, ki nuna mini hanya. Ban san ta ba."