Muryar Sani a bakin rumbu

Jama'a, yau Sani ya yi waƙa a gidanmu na Tibiri!

Kun san ƙanena Sani. Tare muka shiga hamada, ni kaɗai na dawo. Kafin tafiyar ya ɗauki waƙarsa da gurmi a kwamfutarsa. Ban taɓa jin ta ba.

Da hantsi na kira Mamman mai gyaran waya ya buɗe min ita. Ya kunna, zanen muryar yana ta tafiya a allo, amma shiru. Ya ƙara sauti, ya sauya igiyoyi. Shiru!

Na ce, "Ka iya, ko in rufe?"

Ya ce, "Yaya, tana fita fa. Inda take zuwa ne ban sani ba."

Sai muka ji Inna ta ƙwala kira a tsakar gida: "Sani! Sani!"

Muka fito da gudu. Ashe ƙaramar sifikar Sani mara igiya, wadda Inna ke ratayewa a bakin rumbu tana jin karatu, ita ta haɗu da kwamfutar ta janye sautin. Ga muryarsa, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya fara.

Mamman ya ce bari ya maido sautin zuwa ɗaki.

Inna ta ce, "Kada ka taɓa min shi."

Har yanzu tana zaune a wurin, kaji na cin hatsin da ta shanya. Ni ma ina gefenta.