Ƙafar Gadon Inna

Akwai wata Asabar da har gobe ba ta fita raina ba, kuma ba na jin za ta fita.

Lokacin ina koyon zane da kwamfuta. Babanmu kafinta ne a Badarawa, gwanin ƙafafun gado da na tebur, irin waɗanda ake ɗaura katako a inji yana juyawa ana fere shi. Wani Alhaji daga Mando, tsohon sojan sama, ya kawo aikin gado, amma ya dage sai ƙafafun sun zama irin na gadon marigayiya mahaifiyarsa. Babu hoto, sai kwatance da hannu. Baba ya fere uku, duk Alhaji ya ce ba su ba ne, har ya fara zancen kai aikin wurin wasu kafintoci a Kinkinau.

Ranar Asabar ɗin na kai wa Baba abincin rana, kwamfutata a jaka, na tarar da shi da Alhaji kowa ya ɗaure fuska. Na ce, "Baba, bari in gwada."

Cike da taƙama na yi musu bayani: za ka ja layi a tsaye, ka zana lanƙwasar gefe ɗaya na abin da kake so, sai kwamfuta ta juya lanƙwasar kewaye da layin, abu ya fito a dunƙule. Na zana, na latsa. Sai ga wani ƙaton abu mai rami a tsakiya, kamar tayar mota! Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace.

Baba bai yi dariya ba. Ya leƙo ya nuna layin da yatsa. "Uwata, a kan wannan yake juyawa?"

Na ce e.

"To ai kin kauce wa tsakiya. Matso da shi ya taɓa zanen."

Mutumin da bai taɓa riƙe kwamfuta ba ke nan! Ina matsar da layin, ƙafar gado ta fito sumul. Alhaji ya jawo benci. "Yarinya, ƙara mata ciki nan. Yawwa. Rage wuyan." Baba kuma yana cewa, "Kar ki sirance shi da yawa, zai karye."

Can sai Alhaji ya cire tabarau. "Ita ce wallahi. A jikinta nake jingina in Inna tana ba mu tatsuniya."

Muka buga zanen a takarda, Baba ya yanke shi ya riƙa gwadawa a jikin katako. Kafin la'asar ƙafa ta farko ta fito, Alhaji ya hana a ajiye ta, ya tafi da ita gida a rungume.

Tun daga ranar, in zan koya wa wani sabon abu, sai na fara tambayarsa abin da hannunsa ya riga ya sani.