Motar da Yaya ba ta jin zuwanta

Ku matso kusa, ku aje abin da ke hannunku. Wannan ba a bakin wani na ji shi ba, a ƙofar gidanmu aka yi shi, a Digel.

Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, idonta ya tafi da daɗewa, sai ta dawo wurina da zama. Kullum in rana ta karkata takan lalubi bango ta fita lungu, ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Da kunne take ganin duniya. Ta san kukan kowane klando, baburan hayar nan, ta san tarin tsohuwar motar maƙwabcinmu. Kafin su iso ta janye ƙafarta.

Sai ɗana na fari, mai sayar da kayan gini a Abena, ya sayo mota mai cin lantarki. Ba ta tari, ba ta gurnani. Ranar da ya fara shigowa lungu da ita, sai da iskarta ta taɓa zanen Yaya sannan ta san akwai abu a gabanta.

Na ce masa, "Kai, yayata ba ta jin wannan abin naka."

Shi Iya yake ce mata. Ya ce, "Inna, ai motar tana ganin Iya. Ido gare ta gaba da baya. A kan kwalta da kanta take bin layi, in ta ga mutum kuwa ta tsaya ko ban taka birki ba."

Yaya ta ce, "Madalla. Ni ba ido, ita ba murya. An haɗa makauniya da bebiya a lungu ɗaya."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba. Na ce sai na gani da idona.

Na cika buhu da ƙaiƙayi, na ɗaura masa zanen Yaya da kallabinta, na zaunar da shi a gindin darbejiya, na miƙe masa ƙafa da tsumma. Yaya tana zaure tana mita, wai na ba buhu zanenta na fita. Ɗana ya taho a hankali, ya ɗaga ƙafarsa daga birki. Motar ta yi ƙara siririya, ta tsaya cak.

Ya leƙo ya ce, "Kalas, shi ke nan, Inna?"

Na ce, "Da saura. Gobe ma."

Haka na riƙa yi duk zuwansa. Sai na shigar da Yaya, in fitar da buhu. Motar tana tsayawa, ba zan yi mata ƙarya ba. Maƙwabta suka fara ce wa buhun ƙanwarmu. Ɗana ya gaji, ya ce in tsoro nake ji a bar Iya a cikin gida mana. Yaya ta ji, ranar tuwonta ya kwana a kwano. Na ce masa gindin bishiyar nan shi ne abin da ya rage mata, kuma ina raye ba mai tayar da ita.

Wata la'asar bayan ruwan sama ya kai kaya Milezi, ya dawo mota duk laka. Rana ta sauko tana haska lungu ido da ido. Buhun ya jiƙe ya langwaɓe gefe, kamar yadda Yaya take yi in gyangyaɗi ya ɗauke ta. Na tsaya ina jiran siririyar ƙarar nan. Ba ta zo ba. Shi ya taka birki, amma taya ta riga ta hau ƙafar tsumma.

Ya fito, ya daɗe a tsaye. Ya ce motar ta rubuta masa cewa laka ta rufe mata ido, shi ne bai duba ba. Ya sunkuya ya zaro zanen daga ƙarƙashin taya, ya shiga zaure ya durƙusa gaban Yaya. Ta shafa kansa ta ce, "Sabulu zan nema, ɗan nan, ba hawaye ba."

Tun daga ranar yakan bar motar a bakin titi ya shigo lungu da ƙafa, yana sallama tun daga nesa. Bai sayar da ita ba, har yau yana yabonta, amma na ga hannunsa ba ya barin sitiyari. Yaya ta ci gaba da zamanta a gindin darbejiya har damina ta sake zagayowa, sannan Allah ya karɓi abarsa a kan gadonta, cikin barcin rana. Ni kuma ga ni nan, idona ya fara hazo, ina koyon muryoyin klando ɗaya bayan ɗaya.