Ɓargon Mahauci

Ƙanena mahauci ne, tun yana saurayi yake fasa ƙashi a rumfar mahaifinmu. Zazzaɓi ya kama shi, ya ƙi sakinsa har tsawon watanni. An gwada jini, an ɗauki hoton ƙirji, ba a ga komai ba. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa.

Daga ƙarshe likita ta ce za a ɗebi ɓargo daga ƙashin ƙugunsa, domin wata cutar can take ɓuya. Da ya kwanta, sai ya ce, "Likita, ashe sana'armu ɗaya."

Sakamakon ya nuna tarin fuka ne ya ɓuya a ɓargon, ko da yake ko sau ɗaya bai yi tari ba. Likita ta ce yana da magani, kuma zai warke.

Bai yi murna ba. Ya daɗe yana kallon takalmansa, sannan ya ce, "Yaya, ai na riga na rabar da wuƙaƙena, rumfar ma na sallama. Idan na warke, ina zan je?"

Na riƙe masa ƙofa, muka nufi wurin karɓar magani.