Salihu Mai Batir a Bakin Taga

Shekara talatin Salihu yana cajin batiran taraktocin da ke zuwa gonakin Simsim, a wata rumfa kusa da tawa a kasuwar Gadarif. Mutum ne da za ka yi masa sallama sau uku yana leƙen cikin batir, yana kallon kumfa na tasowa kamar mai jiran saƙo daga ƙasan ruwa. Haushi yake ba ni, wallahi.

Ashe da dalili. Yana yaro, makon da malaminsu ya yi alkawarin nuna musu yadda lantarki ke raba ruwa biyu, a makon riɗi ya nuna, riɗi kuwa ba ya jira. Mahaifinsa ya kai shi gona yankan riɗi, bai sake komawa aji ba. Tun daga nan yake son sanin abin da kumfar nan take.

Abin tausayi, amsar tana gidansa. 'Yarsa Safaa malamar kimiyya ce, amma 'yar fari ce, shi kuma Salihu ɗan kunya ne irin na da. Ko sunanta ba ya faɗa, balle ya zauna ta koya masa.

Wata safiya Safaa ta aiko a ara mata batir don gwaji a aji. Ya kai da kansa, ya ɗaura wayoyi, ya fita ya tsaya jikin taga wai yana gyara takalmi. Ya ga kumfa na hawa a sanduna biyu cikin ruwa, a hankali, ɗaya ta fi yawa.

Ta rubuta 2H⁺ + 2e⁻ → H₂ ta ce na sandar katod ne, sannan 2H₂O → O₂ + 4H⁺ + 4e⁻ na ɗaya sandar, anod.

Salihu ya yi gyaran murya. "Ya banat, ku tambayi ustazarku, don me gefe ɗaya ya fi kumfa?"

'Yan matan suka dubi malamarsu. Safaa ba ta juyo ba.

"Ku gaya wa mai tambaya, ilektiron huɗun da suka bar anod oksijin ɗaya suka bari. Da suka isa katod, haidirojin biyu suka haifar."

"Tamam," in ji shi, yana gyaɗa kai.

Ta goge allon duka, ta ce wa ɗalibanta ba su gane ba, za a sake daga farko. Ta koma rubutu a gefen da ke kallon taga, da manyan baƙaƙe.