Ranar da Kaka ta koyar da mushe

Ko yau in na murza ganyen sabara a hannu, ƙamshinsa lakkwal ɗinmu, makarantar boko ta Madarumfa, yake mayar da ni.

Mu gidanmu Anna ne, gargajiya muke bi. A kilas can baya nake zama, yara na kirana ɗiyar arna. Faransanci kaɗai aka yarda a yi. Wanda ya yi Hausa, a rataya masa ƙashin jaki a wuya ya yini da shi. Ni kuwa sai na kama bakina. Shekara biyu ban ɗaga hannu ba, har aka ɗauka ba ni da kai.

Sai aka kawo mana sabon mushe, wato malami, Bazabarme. Wata safiya bayan damina ya kai mu bakin tabki darasin itatuwa, don na littafinmu ba su fitowa a ƙasarmu. Ya nuna wani icce ya tambayi sunansa.

"Giyayya ce," bakina ya suɓuce. "Ga marke, ga kalgo can."

Nan take shugaban kilas ya taho da ƙashin. Mushe ya karɓe shi ya rataya a nasa wuyan, ya ce cikin karyayyar Hausarsa, "Yau ni yi Hausa. Wa koya miki?"

"Kakata."

Mushe ya aika a kira ta, ran Laraba sai ga Kaka, wadda ba ta taɓa taka lakkwal ba, da ƙwarya cike da saiwoyi da sassaƙe. Aka ba ta kujera ta ƙi, ta zauna ƙasa ta miƙe ƙafafu. Ta riƙa ɗaga su ɗaya-ɗaya, tana faɗin suna da ciwon da yake magani, mushe na rubutawa a allo. Da ya ce "kirya" maimakon "ƙirya", ta tsai da shi.

"Ɗana, sake faɗi. Ba ka da kunne ne?"

Sau huɗu ya sake. Muka yi dariya har hawaye, shi ma ya riƙe ciki. Da aka tashi, masu tsokanata ne suka raka ta gida, suna rigimar wa zai ɗauki ƙwaryar. Dokar hana Hausa ba ta tashi ba, amma daga ranar na fara ɗaga hannu.

Yanzu ɗiyata na karatun Hausa a lakkwal, ba mai hukunta ta. Sai dai tsofaffin da suka san daji sun kusa ƙarewa. Ran nan ta kawo mini wani ganye ta ce, "Inna, mi sunanshi?" Na juya shi, na sake juyawa, ban tuna ba. Na jawo mayafina na ce, "Taho mu tambayi ƙanwar Kaka tun tana da rai."